Yaya, 'yarka ba 'yar amshi ba ce

Yaya, na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce a bidiyon mawaƙiya ce a tsaye tana shan tafi, 'yarka kuwa tana gefe tana danna fiyano, shi ne kake tambaya ko duk karatun nan 'yar amshi muka samu, ga shi ba mu gaji kiɗa ba.

Yadda abin ya faro: a nan Faris yara ba sa zuwa makaranta ranar Laraba da yamma, mu iyaye kuma muna wurin aiki. Da yawa cikinmu Hausawa sai mu raba mako, ƙarshensa na allo da Islamiyya, Laraba kuma wasu ƙwallo, wasu makarantar kiɗa ta unguwa, inda ake yanka wa mutum kuɗi daidai samunsa. Yawancin yaran suna bari. Ita ce ta nace.

Irin waƙar da take raka wa, Faransawa suna ce mata mélodie. Rubutacciyar waƙa ce ta wani sha'iri, kamar Verlaine, sai masanin kiɗa irin Fauré ko Debussy ya ɗora mata karin murya da na fiyano, kowanne a rubuce. Mutum biyu ne kawai a dandali. Babu amshi a ciki, Yaya. Sau da yawa fiyano ne ke buɗe waƙar, shi ke rufe ta bayan murya ta yi shiru. Mai kaɗawa sai ta haddace baitocin, ta san gaɓar da mawaƙiya za ta ja numfashi, ta sassauta mata ba tare da kowa ya lura ba. In muryar ba ta kai sama ranar ba, ta sauke kiɗan gaba ɗaya zuwa ƙasa. Na sha ganin ta da tsakar dare tana bitar baiti da fensir, ko taɓa fiyanon ba ta yi.

Manya ma sun yi aikin. Poulenc, wanda shi ke tsara waƙoƙin da kansa, ya zauna yana kaɗa wa mawaƙi Pierre Bernac tun daga 1935, fiye da shekara 20. Dalton Baldwin, Ba'amurke, ya raka Gérard Souzay sama da shekara 30. Akwai gasa a nan mai sunan Nadia da Lili Boulanger, inda mawaƙi da mai fiyano suke shiga tare. Amma ba zan ɓoye maka ba, a takardar talla sunan mawaƙi ya fi girma, kuɗinsa ma haka, kuma abin yana ci wa 'yarka rai.

Batun roƙo kuwa, kwantar da hankalinka. Ba kirari, ba liƙi. Kwangila ake sa wa hannu, jama'a su zauna tsit, tafi ma sai an kai ƙarshen jerin waƙoƙin. Ranar farko ni kaɗai na tafa a tsakiya, wata tsohuwa ta juyo ta harare ni.

In Allah ya kai mu hutun Agusta za mu zo Damagaram, sai ka yi mata tambayoyin da kanka. A gaida Inna.