Tambaya da amsa: farin furen nan mai kama da tauraro a dajin Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A gabashin Amurka nake zaune. Cikin watan Afrilu na ga wata gajeriyar ciyawa a bakin rafi, ƙarƙashin bishiyoyi, da fararen furanni kamar taurari, falle goma-goma. Maƙwabciyata ta ce irin wadda ke fitowa a lambu ce. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Maƙwabciyarki ta yi kusa, amma ba ta kai ba. Dangi ɗaya ne, Turawa na ce musu chickweed, wato ciyawar kaji, don kaji na son su. Ta lambu ita ce Stellaria media, baƙuwa ce da ta zo daga Turai. Taki kuwa, bisa kwatancenki, Stellaria pubera ce, 'yar asalin gabashin Amurka, wadda Bafaranshe André Michaux ya raɗa wa suna, aka buga shi a 1803.

Ki koma ki sake ƙirga fallayen nan. Biyar ne, ba goma ba. Kowanne a tsage yake har kusan gindi, shi ya sa ido ke ruɗewa. Sai ki juya furen ki dubi bayansa, za ki ga 'yan korayen ganye biyar da ke tallafe da shi. A ta daji farin ya fi koren tsawo, furen kuma ya haura santimita 1 a faɗi. A ta lambu koren ne ke zarce farin, furen ɗan mitsitsi. Ki kuma ɗaga karan ta wajen haske: ta lambu layin gashi ɗaya gare ta, mai sauya gefe a kowace gaɓa, ta daji yawanci layi biyu. Ganyen ta daji biyu-biyu ne suna fuskantar juna, a manne da kara.

Ni dai wurin da kika same ta ya fi gamsar da ni. Ba ta son fili ko tsananin rana. Ƙasa mai danshi take nema, wadda ruɓaɓɓen ganye ya baƙanta, a gangaren duwatsu ko gefen rafi, shi ya sa ta yawaita a tsaunukan Afalashiya na gabashin Amurka. Takan yi fure daga Maris zuwa Mayu, kafin bishiyoyi su rufe sama da ganye. Saiwarta ba ta mutuwa, don haka baɗi a nan za ki sake tarar da ita, tsayinta bai cika wuce santimita 30 ba.

Mutane kan ci ta lambu ɗanya, amma kada hakan ya sa ki tsinko ta dajin nan. A gandun dajin gwamnati haramun ne cirar fure ba tare da izini ba. In kuma kika karya wata mai kama da ita, farin ruwa ya fito irin na tumfafiya, to ba ita ba ce, ki wanke hannu kafin ki taɓa ido.