Fatalwowin Pac-Man ba yawon banza suke ba

Ɗan'uwa, ka ce fatalwowin nan huɗu duk halinsu ɗaya kuma kullum a lungu suke ritsa ka, to gaskiya ba haka ba ne, tun da kamfanin Namco ya fitar da gem ɗin Pac-Man a 1980 kowacce da ɗabi'arta, abin da ya sa har yau mutane ke son su kenan. Ja ɗin, Blinky, bayanka take bi kai tsaye. Pinky kuwa gabanka take nufa, taku huɗu daga inda ka fuskanta, shi ya sa kake ganin kamar ta san inda za ka. Inky tana lissafi ne da inda Blinky take, ita ce mai wuyar sha'ani. Clyde ni tausayi ma take ban wallahi, da ta matso kusa sai ta juya ta nufi kusurwar ƙasa ta hagu.

Don haka kar ka yi saurin cinye manyan ƙwayoyin nan huɗu, masu ba ka damar cinye fatalwowin, ka bari fatalwowin su taru a bayanka tukuna sannan ka ci ƙwayar, fatalwar farko da ka cinye maki 200 ce, sai 400, 800, har 1600. In sun matsa maka ka faɗa ramin gefe mai ɓullewa ta ɗaya ɓangaren, gudunsu raguwa yake a ciki.