Shin attajiri zai iya sayo babban kulob ɗin ƙwallo ya kawo shi Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kurna ne, kuma kusan kullum sai mun yi wannan musun a gidan kallo. Wani abokina ya ce a Amurka gari yana biyan kuɗi kawai a ba shi kulob a babban lig. To mu Kano ga masu kuɗi Allah Ya ba mu, Dangote ma ya sha cewa yana son sayen Arsenal, me zai hana wani ya sayo babban kulob ya dire mana shi a nan, ko ya kafa sabo wanda zai iya karawa da irin su Al Ahly ta Masar? Me ake buƙata?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya kawo maka. A Amurka lig ɗinsu MLS a rufe yake, babu hawa babu faɗuwa, in suna son ƙara kulob sai masu kuɗin wani gari su zo su nuna filin da za a buga, su biya kuɗin shiga. San Diego da ta fara bugawa a 2025 dala miliyan 500 aka biya mata, kuma ko ita ce ta ƙarshe a teburi shekara goma a jere ba wanda zai kore ta, shi ya sa mai kuɗi yake zuba dukiyarsa hankali kwance. Mu kuwa tsarinmu irin na Ingila ne, babban lig ɗinmu NPFL ƙungiya 20 ce, huɗu na faɗuwa duk kaka huɗu na hawowa daga rukuni na biyu wato NNL, ƙasa da ita kuma ga rukuni na uku NLO. Maganar a sayi Arsenal a kawo ta Kano kam cire ta daga lissafi, ko an saye ta a Landan za ta zauna don a ƙarƙashin hukumar ƙwallon Ingila take bugawa, iyaka dai ribar ko asarar ta dawo aljihun Bakano.

A gida Najeriya hanya biyu ce. Ko ka kafa naka ka hau tsani, ko ka sayi gurbin wanda ya riga ya hau. Duka an yi. Ifeanyi Ubah ya sayi Gabros a 2015 ya sauya mata suna zuwa nasa. A 2024 Beyond Limits ta Ikenne ta ci gurbin hawa, amma da yake mai ita shi ne mai Remo Stars kuma ba a yarda mutum ɗaya ya riƙe kulob biyu a lig ɗaya ba, gurbin ya koma hannun Heartland ta Owerri da ta faɗi a kakar. Ta hawa kuma ba sai mun je nesa ba, Barau FC da Sanata Barau Jibrin ya kafa a 2024 ta haye NPFL a 2025, ka ga ke nan Kano ta samu kulob biyu a babban lig. Don haka amsar ko zai yiwu, eh zai yiwu, har ma an yi a gabanmu.

Sai dai ni da na yi shekaru ina aikin sakatare a wani ƙaramin kulob a rukunin ƙasa, ina gaya maka samun gurbi shi ne mafi sauƙi a duk harkar nan. Riƙe shi ne aiki. Mai kulob ɗinmu na wancan lokacin mutumin kirki ne wallahi, ya shigo da zafinsa, ya sayi bas, ya ɗinka riguna kala uku, ya yanka sa ranar ƙaddamarwa, amma bai taɓa zama ya lissafa abin da zai riƙa fitarwa duk wata ba. Kaka ta yi rabi sai kasuwarsa ta ɗan ja baya, albashi ya tsaya wata uku, ban manta ba wata Alhamis da dare muna tasha za mu tafi wasan waje kyaftin ɗinmu ya jawo ni gefe ya buɗe min wayarsa, saƙon mai gidan haya ne yana cewa ya kwashe kayansa kafin Lahadi, ya ce min Sakatare da wace zuciyar zan buga? Ban sami abin ce masa ba. Kafin kaka ta ƙare yara shida sun watse, shekara ta zagayo an sayar da gurbin. Wannan ƙaramin kulob ke nan fa, to ina ga NPFL.

Yi lissafin da kanka. Wasa 38 a kaka, 19 a waje. Daga Kano zuwa Legas ko Fatakwal ko Uyo tafiyar kilomita dubu ce ko fiye, da 'yan wasa da masu horarwa da likita da mai kula da kaya, ga mai ga otal ga abinci, in a mota ne kwana biyu a hanya yaro ya sauka ƙafa a kumbure a ce gobe ya buga minti 90. Ga haɗarin hanyar, a watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suna tafiya Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni har da Gambo Mohammed. In ka ce jirgi za ku riƙa hawa to kuɗin ya ninka. Ga albashin mutum talatin da wani abu, ga kuɗin sa hannu, ga alawus ɗin cin wasa. Kyautar wanda ya ɗauki lig gaba ɗaya a 2025 naira miliyan 200 ce, kuma wannan ba za ta riƙe babban kulob kaka guda ba. Shi ya sa yawancin kulob ɗinmu na gwamnatocin jihohi ne, Pillars ta gwamnatin Kano, Enyimba ta Abia, Rangers ta Enugu, su ne ke iya zuba kuɗi ba su tambayi riba ba. 'Yan kasuwa da yawa sun gwada, Giwa FC ta Jos an kore ta daga lig a 2016, Sporting Lagos da aka kafa a 2022 da tsari mai kyau da kuɗin masu fasahar zamani ta hau a 2023 ta faɗo a 2024. Da Remo Stars ta Kunle Soname ta ɗauki lig a 2025, ta shiga cikin tsirarun kulob ɗin 'yan kasuwa da suka taɓa yin hakan. 

To me Soname ya yi daban? Fili ya gina nasa a Ikenne, ya gina makarantar renon yara a gefensa, ya haƙura kulob ɗin ya hau ya faɗo ya sake hawa bai gudu ba. Wannan maganar fili ita ce tafi damuna game da Kano. Filin Sani Abacha na Ƙofar Mata yana da tarihi, an buga gasar matasa ta duniya a cikinsa a 1999, an buga kofin Afirka a 2000, an buga ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, amma na gwamnati ne kuma ya sha jiki, duk wanda ya kafa kulob a garin nan ɗan haya ne a ciki. A 2021 lokacin da Ahmed Musa ya dawo Pillars kowa na ɗokin ganinsa, a Kaduna ake buga wasannin gida. Kuma tunda ka ambaci Al Ahly, hukumar ƙwallon Afirka CAF ba ta barin a buga manyan wasanninta sai a filin da ta tantance, ciyawa da fitilu da kujeru da ɗakin sauya kaya da wurin 'yan jarida duk sai sun cika ƙa'ida, shi ya sa ka ga Enyimba da Rivers United suna kwasar wasanninsu na Afirka zuwa Uyo. Wato za ka iya kashe biliyoyi ka ɗauki lig, ranar da Al Ahly za ta zo kuma a ce ba a Kano za a buga ba. Lasisin kulob ma abu biyar yake dubawa, harkar wasa da renon matasa, fili, ma'aikata, rajistar kamfani, da littafin kuɗi, kuma na ƙarshen nan shi ne wanda mutanenmu ba sa son a buɗe.

Abin da Kano take da shi wanda kuɗi ba ya saya shi ne jama'a. Garin ƙwallo ne tun fil azal, Raccah Rovers ta ɗauki lig a 1978 tun kafin a haifi Pillars. Ita Pillars a 1990 aka haɗa ta daga WRECA da Golden Stars da Bank of the North, ta ɗauki lig a 2008, sannan sau uku a jere 2012 da 2013 da 2014, ta ɗauki kofin ƙalubale a 2019 a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Ita Al Ahlyn da kake ji ma Pillars ta taɓa fitar da ita a 2009, kunnen doki 1-1 a Kano 2-2 a Alƙahira, ta wuce da ƙwallayen da ta ci a waje, ta je har wasan kusa da na ƙarshe Heartland ta tsayar da ita. Ta yi kusan shekara 12 ba a ci ta a gida ba a lig sai da Nasarawa United ta karya a 2015. Je ka Ƙofar Mata ranar Lahadi tun azahar ka gani, 'yan adaidaita sun toshe hanya, masu rake da gurasa da fiya wata sun jeru, ganga na tashi, ana Sai Masu Gida tun kafin 'yan wasa su fito ɗumama jiki. Kulob da yawa a kudu da kuɗinsu ba sa samun kwatankwacin wannan.

Amma fa dole in faɗa maka mai ɗaci, don mu ne 'yan kallon. Cikar fili ba ita ce cikar asusu ba. Tsaya a bakin ƙofa minti goma ka ƙirga, wannan ya ce yaron wane ne, wancan ɗan kwamitin magoya baya ne, wani ya haura katanga, wani ya miƙa wa mai tsaron ƙofa rabin kuɗi a hannu ba tikiti, mutumin da zai biya kuɗin gidan kallo duk mako don Chelsea ba ya jin nauyin shiga wasan garinsu kyauta. Rigar kulob kuma ta bogi ce ta cika kasuwa, sisi ba ya komawa wa kulob. Sai kuma rigima. A 2022 an cire wa Pillars maki saboda tashin hankali, an kai ta Abuja buga wasan gida, kakar ta ƙare ta faɗi zuwa NNL, kulob mai kofin lig huɗu, sai 2023 ta dawo. A Oktoban 2025 ma bayan wasa da Shooting Stars aka sake cire mata maki uku, aka ci ta tarar kuɗi, aka rufe fili. Ka sa kanka a matsayin kamfanin da zai manna sunansa a ƙirjin riga, ko uban da ke son kai 'ya'yansa kallo, dutse ɗaya da wani ya jefi alƙalin wasa ya kore su duka. Wannan yana min ciwo ƙwarai domin mutum ɗari ne ke jawo wa dubbai.

Batun sayo gurbin wani gari a kawo nan kuwa, ni ban cika son sa ba duk da ana yi. A Ingila an ɗauke Wimbledon daga kudancin Landan aka kai ta Milton Keynes a 2003 aka sauya mata suna MK Dons, magoya bayanta suka ƙi bi, suka kafa AFC Wimbledon tun daga can ƙasa, zuwa 2011 sun dawo lig na ƙwararru. Takarda ake saya, zuciyar mutane ba ta cikin cinikin. A Kano ma duk sabon kulob sai ya sha wannan, domin yaron Fagge ko Gwammaja ko Brigade da ya tashi yana jin sunan gwarzon Pillars Rabiu Ali Pele ba zai sauya riga don an zo da sabuwar bas ba. Zai zo ne in ya ga ɗan layinsu a cikin sha ɗayan farko.

In da attajirin zai zauna da ni, zan ce masa ya ware kuɗin kaka biyar ya sa a asusun kulob ɗin da sunan kamfani ba aljihunsa ba, ya ɗauka ba za su dawo ba. Kafin ya sayi ɗan wasa ko ɗaya ya nemi fili ko a bayan gari ne, hanyar Zariya ko ta Wudil ko ta Bichi, ya shimfiɗa wurin atisaye biyu da ɗakunan kwana da aji, ya baza masu farautar yara a filayen unguwanni da gasar makarantu. Nan ne kuɗin yake, domin a dokar FIFA duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ana raba wa kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, amma sai in da rajista a rubuce, kuma yawancin masu kulob ɗin unguwa a nan ba su da takardar yaro ko ɗaya. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Pillars a kakar 2009/2010, daga nan VVV-Venlo ta Holan, sai CSKA Moscow, sai Leicester. Ka duba sau nawa aka yi cinikinsa. Yara masu irin wannan ƙafar suna nan da yamma a kan turɓaya babu ko takalmin kirki, kuma kafin su kai sha takwas wani dillali ya riga ya karɓe su da 'yan dubbai ya wuce da su kudu.