Gurgu da kuloci: yadda Red Byron ya ci tseren 1949

Yarona, ka tambaye ni yadda mutum mai ƙafa ɗaya lafiyayya ya iya tseren mota mai kuloci. Amsar tana gareji.

Red Byron ɗan Amurka ne, an haife shi a 1915. A Yaƙin Duniya na Biyu yana aiki cikin jirgin yaƙi B-24 aka raunata masa ƙafar hagu, ya fi shekara 2 a asibiti, ya fito da ƙarfe ɗaure a ƙafar. Ita ce kuwa ƙafar kuloci. Matsalarsa ba ƙarfin takawa ba ce kaɗai: a kan filin ƙasa mai gargada, ƙafar da ba ta lanƙwasuwa zamewa take daga kan feda. Sai makanikinsa, Red Vogt na Atlanta, ya yi wa fedar walda, ya sa mata mariƙin ƙarfe da zai kama takalmin, Byron ya riƙa turawa daga ƙugu. Hatsarin wannan gyara ɗaya ne, ka riƙe shi. In ƙafa ta zauna kan feda da nauyi ko kaɗan, boris ɗin kuloci zai yi ta juyawa har ya ƙone, faranti ya fara santsi. Dole a bar wa fedar wasa kafin ta fara ci.

A 1949 NASCAR, ƙungiyar da ke shirya tseren motoci a Amurka, ta buɗe wani sabon rukuni, dokarsa ita ce mota ta shiga yadda ta fito daga kamfani. Wani direba, Glenn Dunaway, ya zo na ɗaya a tseren Charlotte, aka ƙwace nasarar don an taɓa sifirin ɗin motarsa na baya. Saboda haka aikin makaniki ya koma hana mota mutuwa a hanya. Kwana duk ta hagu ce, nauyi ya tattaru a tayar gaba ta dama. Nan giris ke narkewa, wili ya tsage daga ramukan noti. Ƙasa kuma ta toshe lagireto, ruwa ya tafasa, gasket ya tashi.

Da Oldsmobile 88 ta Raymond Parks, mai injin V8 na kusan lita 5, Byron ya ci tseren Daytona da na Martinsville, ya zama zakaran farko na wannan rukuni. Lafiya ta sa ya ajiye tuƙi a 1951, ya koma harhaɗa motocin tsere. Ciwon zuciya ya kashe shi a Chicago a 1960, yana da shekara 45.