Ku Tambaya Mu Amsa: rigar gwanjo mai lamba 42 da fim ɗin da aka ce ya yi duba

Jama'a barkanmu da warhaka. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan besbol ne da finafinan sararin samaniya, ban san me ya haɗa ku da su a tsakiyar damina ba, amma tunda kun tambaya ga amsa. Masu tambaya kan taki da tsutsar masara ku ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Salam. Ni mai cajin waya ne a wani ƙauye kusa da Wudil, ran Juma'a na ci kasuwa na sayi wata farar riga mai maɓallai a gwanjo, gabanta an rubuta Dodgers da shuɗi, bayanta kuma 42 ƙato. Wani yaro da ke zama a shagona ya ce wai rigar jarumin Black Panther ce, ni kuma na ce ƙarya yake don ban ga ya sa irinta a fim ɗin ba. Don Allah a raba mu.

AMSA: Ɗan uwa kar ka kori yaron nan daga shago, ya san wani abu. Asalin mai lambar sunansa Jackie Robinson, ɗan wasan besbol ne baƙar fata a Amurka, shi kuma Chadwick Boseman da ya fito a Black Panther a 2018, tun a 2013 ya riga ya fito a matsayin Robinson a wani fim da sunansa ma 42. Kaga kenan ya sa rigar, sai dai ba a fim ɗin da ka kalla ba.

Bari in ɗan gutsura maka yadda wasan yake don labarin ya shiga. Kowane ɓangare mutum 9 ne. Ɗaya yana jifa da ƙaramar ƙwallo mai tauri, gudunta kan wuce kilomita 150 a awa a hannun gwanaye, ɗaya kuma yana tsaye da gora zai maka ta. In ya kuskure, ko ya tsaya yana kallon jifa mai kyau ta wuce, har sau uku, ya fita. In ya same ta sai ya ranta a na kare, akwai tasha huɗu da zai zagaye ya dawo inda ya tashi, kamar dai ɗan langa da ke neman wajen sha, in ya dawo an ci ɗaya. Wahalar bugun ta kai wanda yake samu sau 3 cikin 10 ana ce masa gwani.

Toh shi Robinson an haife shi a 1919 a jihar Jojiya, a lokacin da baƙaƙen fata ke buga nasu wasan daban saboda babbar gasa ta rufe musu ƙofa tun ƙarshen ƙarni na 19. Mutum ne mai zuciya tun asali, a 1944 yana soja a Texas direban bas ya ce ya koma kujerar baya ya ce bai san zancen ba, har kotun soja aka kai shi kuma ta wanke shi. Wannan mutumin ne shugaban Brooklyn Dodgers, Branch Rickey, ya kira ya ce zan ɗauke ka amma da sharaɗi, duk zagin da za a yi maka ba za ka rama ba. Ni a ganina nan ne wajen da ya fi wuya a duk labarin, don da ace salihi ne marar magana da sauƙi, amma a ce wa mai zafin kai ya haɗiye, a filin da dubban mutane ke kiransa da munanan sunaye, masu jifa na auna kansa da gangan, masu gudu na taka masa ƙafa da takalmi mai ƙusoshi, otal ɗin da abokan wasansa ke kwana a wasu garuruwan a ce shi ba zai kwana ba, wallahi ba ƙaramin abu ba ne.

Ya fara bugawa ranar 15 ga Afrilu 1947 yana da shekara 28, wato an riga an cinye masa ƙuruciya. Duk da haka a shekarar ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa, a 1949 ya zama gwarzon gasarsu gaba ɗaya, kuma a kaka 10 da ya yi Dodgers sun je wasan ƙarshe da ake kira World Series sau 6, suka ɗauka a 1955. Abin da ya fi shahara da shi shi ne satar tasha, zai tsaya a tasha ta uku yana rawar ƙafa yana ɗaga wa mai jifa hankali, kafin a ankara ya fyalla ya faɗa gida da ƙura. Sau 19 ya yi wannan a wasannin kaka. Ya ajiye wasa bayan kakar 1956, ciwon suga ya ci ƙarfinsa har idonsa ya kusa tafiya, ya rasu a 1972 yana da shekara 53 kacal.

A 1997 aka ce ba wani ɗan wasa a kowace ƙungiya da za a sake ba lamba 42, sai waɗanda ke sanye da ita a lokacin aka bari su ƙarasa, na ƙarshensu Mariano Rivera ya yi ritaya a 2013. Yanzu duk 15 ga Afrilu kowa a fili 42 yake sawa. A 2020 korona ta sa aka ɗage bikin zuwa 28 ga Agusta, kuma a wannan ranar ce Allah ya yi wa Boseman rasuwa yana da shekara 43. Rigarka dai ta 'yan kallo ce da ake bugawa da yawa, kar wani ya ruɗe ka cewa za ka sayar da ita miliyan.

TAMBAYA: Mu a majalisarmu ta mai shayi a Gujungu musu ya ƙi ƙarewa, wani da ya yi zama a Legas ya ce Babe Ruth ne ba a taɓa yin kamarsa ba a besbol. Haka ne?

AMSA: Malam ku ƙara shayi don wannan musun ko a Amurka bai mutu ba. Abin da ake ƙirgawa shi ne bugun da ƙwallo ke tsallake katanga mutum ya zagaye tasha huɗu ba mai tare shi, hom ron kenan. Ruth ya yi 714, kuma ya fara ne a matsayin mai jifa a Boston kafin a sayar da shi ga New York Yankees, masu wannan NY ɗin da ke kan hular hana-sallar rabin samarin ƙauyenku. Hank Aaron ya wuce shi ranar 8 ga Afrilu 1974, ya ƙare da 755. Barry Bonds ya kai 762 amma zargin shan ƙwayar ƙara ƙarfi ya bi shi, har yau bai shiga zauren gwarzaye na Cooperstown ba. In kuma ka leƙa Japan, Sadaharu Oh yana da 868.

In ni za ku tambaya Aaron nake ba. Ruth gwani ne ba musu, amma a zamaninsa an hana baƙaƙen fata shiga gasar, ba duka gwanayen ƙasar ya kara da su ba. Aaron kuwa bai taɓa yin 50 a kaka ɗaya ba, kaka 23 ya yi yana tarawa a hankali, kuma da ya kusa kamo Ruth wasiƙun barazanar kisa suka riƙa zuwa masa, da mai gadi yake yawo. Ku faɗa wa na Legas haka.

TAMBAYA: Na gani a TikTok wai wani tsohon fim ɗin Turawa ya faɗi shekarar da wata ƙungiya za ta ci kofi tun kafin a zo, kuma haka aka yi. Shin masu shirya fim suna aiki da 'yan duba ne? Daga ƙaninka ɗan sakandare a Ringim.

AMSA: Ƙanena gaibu sai Allah, kuma ma ba haka aka yi ba, mai bidiyon ya yanke maka rabi. Fim ɗin shi ne Back to the Future kashi na biyu, ya fito a 1989, a ciki an shiga wata mota an tsallaka zuwa 21 ga Oktoba 2015, sai aka nuna a allon talla cewa 'yan ƙungiyar besbol ta Chicago Cubs sun ci World Series. Barkwanci ne fa, don Cubs rabonsu da kofin tun 1908, duk Amurka an mai da su abin tsokana, shi ya sa 'yan kallo suka yi dariya a lokacin. Da ranar ta zo da gaske, 21 ga Oktoba 2015, a wannan daren aka yi waje da Cubs daga gasar, New York Mets suka lallasa su wasa huɗu a jere. Sai a 2016 suka ɗauka bayan shekara 108, a kan Cleveland, da ƙyar a wasa na bakwai.

Sannan ka lura da abin da ba a nuna maka ba. Fim ɗin ya ce a 2015 motoci za su riƙa tashi sama, ka ga ɗaya a hanyar Ringim zuwa Kano? Ya cika gida da na'urar faks, abin da yau ko a ofis da wuya ka gani. Ya dace a kiran bidiyo da faffaɗar talabijin ta bango, amma waɗannan injiniyoyi sun riga sun fara aiki a kansu tun lokacin. Mai rubuta irin wannan labarin yana duba abin da ke gabansa ne ya ja shi gaba, ya harba kibiya da yawa, mutane su riƙe wadda ta samu su manta sauran. Kuma tunda na san inda irin tambayar nan take dosa, a cikin fim ɗin kansa mugun ne ya samu littafin sakamakon wasanni ya yi ta caca da shi garin ya lalace, don haka duk wanda ya ce maka yana da sakamakon gobe ka turo kuɗi, ka riƙe kuɗinka.

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce a ƙaramar hukumar Ɓaɓura. Yarana ba su da hira sai ta Chitti da Jadoo na fassarar Indiya-Hausa, rannan wata yarinya ta tambaye ni wai me ya sa ba a ganin baƙar fata a cikin kumbo. Na rasa ta cewa. Akwai abin da zan faɗa mata?

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, kuma yarinyar nan ki riƙe ta da kyau. Akwai abin faɗa sosai. A 1966 aka fara wani shirin talabijin a Amurka mai suna Star Trek, labarin jirgin da ke yawo tsakanin taurari, kuma a ɗakin tuƙin akwai baƙar mace hafsa, Uhura, ita ke kula da sadarwa. A lokacin in kin ga baƙar mace a talabijin ɗinsu yawanci 'yar aiki ce. Nichelle Nichols da ta fito a wannan matsayi ta sha ba da labarin cewa ta so ta bar shirin bayan shekarar farko, Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, da kansa ya ce mata kar ta kuskura, don yara baƙaƙen fata na kallonta. Cikin yaran akwai Mae Jemison, wadda ta zama likita, a Satumba 1992 kuma ta zama baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya da gaske, a kumbon Endeavour. Ki nemo hotonta a waya cikin kayan 'yan sama jannati ruwan lemo ki nuna wa ajin, ya fi dogon bayani.

Shirin na farko shekara uku kawai ya yi aka tsayar da shi a 1969, amma 'yan kallo suka ƙi bari ya mutu, aka yi ta sabunta shi. A 1993 aka fito da wani reshe, Deep Space Nine, labarin wata tasha a sararin samaniya wadda shugabanta baƙar fata ne, Benjamin Sisko, kuma ga inda zancen ya haɗu da na mai cajin wayar can sama: a duniyar labarin besbol ya daɗe da mutuwa, amma shi Sisko kullum akwai ƙwallon besbol a kan teburinsa yana juya ta a hannu in yana tunani. Da yaƙi ya tilasta masa barin tashar sai ya bar ƙwallon a kan tebur, abokin gabar da ya shigo ofis ɗin yana ganinta ya gane saƙon, wato zan dawo. A cikin Star Wars na 2015 ma akwai John Boyega, iyayensa 'yan Najeriya ne, ga kuma Nnedi Okorafor da littafinta Binti ya ci manyan kyaututtukan wannan fanni a 2016.

Amma malama kar mu tafi nesa mu bar na gida. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya da Hausa, ya fito a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a wata, labarin yaro Bahaushe da aka ɗauka aka zagaya da shi sararin sama. Iyayenmu da yawa sun karanta shi a makaranta, yau kuwa yaro zai lissafa miki jaruman Indiya goma bai taɓa jin sunansa ba, kuma ba laifin yaron ba ne. Ki sa wani mai shiga Kano ya duba miki wajen masu littattafai na kasuwar Kurmi ko Sabon Gari, in an samu ki riƙa karanta musu shafi biyu-uku duk ranar Alhamis kafin a tashi, sannan ki ce kowa ya rubuto nasa labarin yadda Ɓaɓura za ta kasance nan da shekara 100. Waɗanda suka fi daɗi ki turo mana, za mu buga biyu a wannan shafin.