Waken da ya yi ganye ya ƙi 'ya'ya

Ka ce waken da ka shuka a bayan gida ya yi kore shar, amma fure yana zuba, ko kwanso ɗaya babu. To yaro, harawa ka noma.

Na farko, yuriya ka antaya masa, na sani ko ba ka faɗa ba. Wake shi yake haɗa takin ganyensa a saiwa. Tuge ɗaya ka gani, akwai 'yan ƙulli-ƙulli a jikinta, idan ka fasa cikinsu ja-ja ne. Takin supa yake so, shi ma tun ranar shuka.

Zubar fure kuwa aikin ƙananan ƙwari ne baƙaƙe. Da sassafe ka tsinki fure biyar, ka karkaɗe a kan farar takarda, za ka ga suna gudu. Idan ka ga wani abu kamar yanar gizo ya manne fure da ganye, da kashi a bakin rami, tsutsa ce mai huda kwanso. Feshin farko da zarar ya fara ƙunshin fure, wajen kwana 35 da shuka, sai ka maimaita duk bayan kwana 10, sau biyu. Da yamma ake yi, iska ta kwanta. Ku yaran yanzu sai kun ga ɓarna da ido kuke neman famfo, alhali aikin gama ya gama.

Kuma ka kula da inda kake sayen magani. Wani maƙwabcina, dattijo mai iyali, ya sayi na awo a kwalbar lemo wajen wani mai tebur ranar kasuwa, don ya fi araha. Sau uku yana feshi, tsutsa tana ci gaba da cinta. Da muka zuba a ruwa ko fari bai yi ba, ashe an sirka shi da kananzir, har gefen ganyen ya ƙone. Kadada guda, bai tashi da buhu ɗaya ba, ga bashin iri. Da aka koma, mai tebur ɗin ya rantse shi bai taɓa ganinsa ba. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake. Sayi mai hatimi a baki, ka duba ranar lalacewa, ka auna yadda takardar ta ce.

Baɗi ka nemi irin waken nan SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru Zariya, wanda aka fitar a 2019, tsutsar nan ba ta cinsa. Feshin ƙwarin fure dai yana nan, sau biyu.