Ruwa ya hana a ji magana a ɗakin taro: a ciri kuɗin silin daga jari?

Wani mai sarin dankalin Turawa a nan Jos ya aiko da tambaya. Ya gina ɗakin taro na haya a wajen Bukuru, faɗi mita 10, tsawo mita 20, ya rufe shi da kwanon nan mai soso a tsakiya, domin mai sayarwa ya ce masa ba sai ya yi silin ba. Zafi kam babu, amma da zarar ruwa ya sauko ko mai lasifika ba a jin sa, har masu biki sun fara neman ragi. Mai silin POP, wato na filasta, ya yanka masa jinga, mai silin PVC, wato na roba, ya ce zai yi a rabin haka. Yana son sanin wanne zai ɗauka, kuma ko ya ciri kuɗin daga jarin dankali.

Alhaji, Allah ya sa albarka a ginin. Mai kwanon bai yi maka ƙarya a kan zafi ba. Falle biyu ne na ƙarfe da soso mai tauri a tsakani, kuma aikin soson tare zafi da sanyi. Amma ƙara ba ta jin tsoron soso, nauyi take tsoro. Kwanon ba shi da nauyi, sannan soson ya manne fallayen biyu gam, saboda haka ɗigon ruwa na bugun na sama, na ƙasa zai amsa, rufin gaba ɗaya ya zama ganga a kan mutane. Ka kuma san ruwan Jos a Yuli da Agusta, wani lokaci har da ƙanƙara.

To daga nan za ka gane abin da ya sa ba na son ka sa ko kwabo a PVC don wannan matsala. Yana da kyan gani, yana da araha, ana wanke shi, amma ɗauki falle ɗaya ka ji: yaro ma zai ɗaga shi da hannu ɗaya. Zai ɓoye maka ƙarfe, ruwa kuma ya ci gaba da kiɗansa. POP ya fi shi nauyi, sai dai shi ma idan aka yi shi tsura, babu komai a bayansa, kuɗi masu yawa za ka kashe a zane da fitilu, ragin ƙarar kuwa kaɗan ne.

Abin da ke kashe ƙarar yana can inda baƙo ba ya gani. A bar rata tsakanin kwano da silin, ko da taƙi guda ne, in ta fi haka ma ya fi. A shimfiɗa audugar dutse, wadda a kasuwa ake ce wa rokwul, ko audugar gilashi, mai kaurin milimita 50, a rufe ko'ina babu giɓi. Sannan a ƙasa a sa allon jifsum mai kaurin milimita 12, in da hali falle biyu, a goce mahaɗarsu kada ta zo a layi ɗaya. A toshe bakin bango da duk wata kafa. Fitilun da ake huda silin a cusa su ciki, kowace huda ƙofa ce ga ƙara, don haka ka zaɓi waɗanda ake maƙalawa daga waje.

Ga inda nake son ka tsaya da kanka a wurin aiki. Kada ka yarda a ɗaura silin a jikin kwanon. Fallen ciki bai fi rabin milimita ba, ba zai riƙe nauyi ba, kuma duk kusar da ta haɗa shi da silin ta buɗe wa ƙara hanya. A rataye shi a ƙarafunan da ke ɗauke da rufin. Yi lissafi ka gani: ɗakinka murabba'in mita 200 ne. Allo ɗaya mita 1.2 ne da 2.4, wato kusan allo 70 kake buƙata, ka ƙara 7 saboda yanka da karyewa. Kowane murabba'in mita na allon ya kai kilo 8 zuwa 9, ka ga falle ɗaya kawai ya doshi tan 2, falle biyu ya haura tan 3, ban da ƙarfe da auduga. Wanda ya yi maka waldar rufin ya yi ta ne da sanin ba za a sa silin ba. Kafin ka ba kowa kafin alƙalami, ka biya injiniyan gini ya hau ya duba. A ƙarƙashin wannan nauyi mata da yara za su zauna.

Akwai kuma gumi. Jos ta haura mita 1,200 daga gaɓar teku, dare na sanyi, ɗaki kuma cike da numfashin jama'a. Idan tururin ya ratsa silin ya tarar da ƙarfe mai sanyi zai zama raɓa, ya jiƙa auduga, ya ɓata fenti. A shimfiɗa leda mai kauri tsakanin allo da auduga, a liƙe mahaɗarta. Wayoyin wuta duka a cikin bututu, kada su taɓa soso, a kuma bar ƙofar shiga sama mai murfi.

Ko ruwa ya yi shiru, ɗaki mai tayil da bangon siminti zai riƙa amsa-kuwwa. Wannan ciwo daban ne, maganinsa labule mai kauri da kafet. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa ba ya tare ƙara, wuta kawai yake gayyata.

Batun jari kuwa, ban goyi bayan ka taɓa shi ba. Dankali ne ya gina ɗakin nan, kuma in kaya suka fito daga Bokkos da Mangu hannunka babu kuɗi, abokan cinikinka za su koma wurin wani, dawo da su kuma ya fi sa silin wuya. Bari ɗakin ya biya wa kansa. Buɗe littafin haya ka ƙirga bukukuwan da suka kuɓuce maka da ragin da ka yi tun daga Afrilu. Idan asarar damina biyu ta kai kuɗin aikin, aikin ya cancanta. Ware kuɗin hayar rani gefe guda, lokacin da ba ruwa kuma bukukuwa sun yi yawa, ka yi aikin a Fabrairu ko Maris.

Yanzu dai, tun ruwa bai ɗauke ba, ka gwada a ƙaramin ɗaki ɗaya da ke ƙarƙashin wannan rufin, ofis ko ɗakin shirin amarya. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka shiga da mai aikin, ku rufe ƙofa, ku yi magana da murya ta yau da kullum. In kun ji juna, to shi za ka ba babban aikin. Ka nemi farashi daga mutum uku a rubuce, kowa ya raba kuɗin kaya da kuɗin hannu, ka kwatanta da abin da za ka ji a kasuwar Building Materials ta nan Jos da ta Dei-Dei a Abuja, ka haɗa da kuɗin mota. Biya kashi uku: bayan ƙarfe, bayan auduga, bayan allo. Kashi na biyu kada ya fita sai ka hau tsani ka ga audugar da idonka kafin a rufe.